Shuɗin Ƙyalle a Goshin Jirgin Baba

Bakin Farin Tafki, Tariat,
Ƙarshen watan Agusta.

Zuwa ga Gwaggona Tsermaa,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, daga 'yar ƙaninki Ariunzul, wadda kike kira Zulaa. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin ci daminar bana lafiya, kuma gwiwar nan taki ta rage damun ki wajen hawa matakalar bene. Mai Sama ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya kare ki daga hayaƙin birni idan sanyi ya shigo. Idan kin tambayi lafiyarmu, duk muna nan lafiya ƙalau. Ciyawa ta yi kyau bana, 'yan shanun da suka rage mana sun yi ƙiba, gashinsu har yana jan ƙasa. Mama ta shanya cuku a saman ger, tantinmu na ulu, har hankaki sun gane gidanmu, kuma ƙullin da direban da na ba takardar nan zai miƙa miki daga ciki ne, tare da kwalbar man shanu. Ƙanena Temka ya faɗo daga kan maraƙi ya fasa leɓe, yana ta yawo yana gaya wa mutane wai doki ne ya kayar da shi. Ni kuma na shiga ajin ƙarshe, cikin makon nan zan koma ɗakin kwanan makaranta.

Gwaggo, na san za ki ce me ya hana ni hawa tudu in kira ki a waya kamar kowa. Na hau, na danna lambarki, sai na kashe tun kafin ta shiga. Kin san ni, idan magana ta yi nauyi harshena yakan ƙi motsi. Kaka ta ce ita ba za ta faɗa miki da bakinta ba. Baba ya ce shi ba ya shiga tsakanin uwa da babbar 'yarta. Mama ta ce ita suruka ce, ina ita ina wannan magana. Sai duk suka juyo suka zuba mini ido, wai ai don irin wannan rana aka sa ni makaranta. Maganar motar da za ki turo ta ɗauki Kaka ce. Ina roƙon ki ki karanta har ƙarshe kafin ranki ya ɓaci.

Kin ji labari a waya, amma ba ki ga irin zaman da muka yi ba. Tun hunturun nan da ƙanƙara ta rufe ciyawa ta kashe mana yawancin dabbobi, Baba ya koma kai baƙi kamun kifi a tafki. Mai sansanin 'yan yawon buɗe ido ne yake turo masa su, shi kuma ya ɗauke su a jirginsa ya nuna musu inda kifin da ake kira tsurkhai yake laɓewa cikin ciyawar ruwa da dogon bakinsa da haƙoransa kamar zarto, da kuma bakin kogi inda zebeg mai ɗige-ɗige a jiki yake taruwa. Ni nake zama a tsakiya ina juya musu magana da ɗan Turancin da na koya. Kaka kuwa kin san ra'ayinta tun kina ƙarama. Ta ce kifi dabbobin masu ruwa ne, wato iskokin tafki, kamar yadda tumaki suke namu, kuma wanda ya shiga garken maƙwabci ya kama rago sunansa ɓarawo, ko da da sandar kamun kifi mai tsada ya kama. Amma da farko iyakarta baki. Idan Baba ya dawo sai ta ce a ba Sarkin Ruwa hanya, a miƙa masa sabulu kafin ya taɓa mata kofi. Shi kuma ya yi dariya ya ce sarautar ai daga gidanta ya gado ta. Haka muka yi ta tafiya, tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa.

Abin da ya ɓata komai shi ne tukunyar madara. Ranar nan ruwan sama ya jiƙa baƙi sharkaf, suka fake a wurinmu da zebeg ɗinsu a hannu suna rawar ɗari. Kaskon suya yana gidan maƙwabta, Kaka ta tafi duba maruƙa, sai Mama cikin gaggawa ta soya musu a babbar tukunyar da ake dafa madara. Ta wanke ta da toka, ta sake wankewa, har yatsunta suka yi ja. Da safe Kaka ta zo ɗora madara sai ta ga ɓawon kifi guda ɗaya, bai kai farcen Temka ba, ya liƙe a bakin tukunyar. Gwaggo, da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Ta sa rigarta ta fita unguwa, ta ɗauki sandarta, ta hau tudu ita kaɗai ta kira ki, ta ce ki turo mota ta koma wurinki. Daga ranar ta ware 'yar tukunyarta, tana dafa shayinta daban. Tsokanar ma ta daina. Wata safiya muna tatsar shanu na ji Baba yana gaya wa Mama cewa idan ya bar tafki bai san abin da za mu ci da hunturu ba, idan kuma mahaifiyarsa ta bar gidansa saboda sana'arsa bai san da wace fuska zai ƙara shiga taro ba. Na sunkuyar da kai a jikin saniya kamar ban ji ba.

A makon da ya wuce Kaka ta kira ni ta ce in gaya wa ubana tana son zuwa tsibiri. Kin tuna tarin duwatsun da ke can, inda ita da marigayi Kakanmu suke takawa bisa ƙanƙara duk hunturu su ɗora dutse su ɗaura ƙyalle. Ta ce motarki za ta zo kafin tafki ya daskare, kuma ba za ta bar ƙasar nan ba tare da ta yi wa masu ruwa sallama ta ba su haƙuri a kan ɗanta ba. Hanya ɗaya ce ke nan, jirgin Baba, wanda ta rantse ba za ta taka ba. A lokacin muna da baƙo, wani tsohon Bajamushe mai suna Ottmar, wanda ya kama jirgin na mako guda. Rana ta ƙona masa hanci har yana saɓa, don haka Kaka ta raɗa masa Jan Hanci. Ya nuna mini hotunan bangon ɗakinsa a waya, an jera busassun kawunan tsurkhai baki a buɗe, ya ce na ƙasarmu ne kaɗai ya rage masa, kuma duk makon bai samu wanda ya isa ba. Washegari zai tafi. Da na roƙe shi a tafi da Kaka, nan da nan ya yarda. Ita kuma ta kafa sharaɗi cewa muddin tana ciki ba mai jefa ƙugiya a ruwa.

Da ma kin ga shigarta jirgin nan. Baba ya sa mata rigar hana nutsewa a kan doguwar rigarta, ta dubi kanta ta ce an ɗaure ta kamar buhun gari, idan jirgi ya kife masu ruwa ma ba za su gane ta ba. Ta zauna a tsakiya ta riƙe hannuna har ya yi tsami. Da injin ya tashi ta runtse ido ta ce wannan doki ba shi da tarbiyya. A tsibiri muka sauka, ta zagaya duwatsu ta hannun dama, ta ɗora nata dutsen, ta kunna turare, ta yaga shuɗin ƙyallenta na siliki ta ɗaura rabi ta mayar da rabi cikin ƙirjin riga. Ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa. Na ji ta ambaci sunan Kaka namiji, na ji ta ambaci na Baba, sai na ja da baya don ba nawa ba ne in ji. Baba yana bakin ruwa riƙe da igiyar jirgi, ya juya mana baya.

A hanyar dawowa ne abin ya faru. Iska ta kwanta, ruwa ya yi lumui, muna wucewa ta gefen ciyawar ruwan nan ta gabas. Jan Hanci ya cika alkawari, ya harɗe hannuwa a kan gwiwa, sandarsa tana kwance, amma idonsa yana kan ciyawar. Kaka ta yi ta kallon sa, can ta zungure ni ta ce wannan tsoho yana kallon ruwa kamar karen da aka hana ƙashi. Ta ƙara da cewa ta ba da haƙuri a kan laifin da ba ta taɓa gani da idonta ba, kuma gani ya kori ji, don haka in ce masa ya jefa sau ɗaya tak, ta ga abin da ya raba ta da gidanta. Baba ya dube ta ya tambaya ko da gaske take. Ta ce tun yaushe ya fara jin tana wasa da shi. Ya kashe inji. Baƙo ya jefa ɗan ƙarfensa mai walƙiya kamar cokali, ya fara naɗe zare a hankali. Bai kai rabi ba sandar ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa.

Gwaggo, ban taɓa ganin irin wannan ba duk zaman da na yi a jirgin. Zare yana ta kuka, kifi yana jan jirgi gefe, tsoho yana haki. Ni kuwa ban san lokacin da Kaka ta saki hannuna ba. Sai na ji muryarta tana ihu wai ya sakar masa igiya, haka ake yi wa ɗanyen doki, in ka ja da ƙarfi ya tsinke. Ta ce in faɗa wa Jan Hanci ya dasa ƙafa, ko bai taɓa kama ko ɗan akuya ba ne a garinsu. Baba yana dariya yana cewa Inna ki zauna za ki kifar da mu, ita tana cewa ya yi mata shiru ya riƙe komarsa da kyau. Ban fassara ko rabin abin da ta faɗa ba, kuma na gode da baƙon ba ya jin yarenmu. Da aka ɗago shi cikin koma sai muka ga girmansa. Tsawonsa ya kusa kai Temka. Bayansa kore mai duhu, da wani tsohon tabo a gefen kai, ƙugiyar ta kama shi a leɓe kawai. Baba ya cire ta da filaya. Baƙo yana ta maimaita kalma ɗaya da yarensu, hawaye a idonsa. Sai Baba ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya ɗauko ɗan kulkin da yake bugun kansu da shi.

Kafin ya ɗaga, Kaka ta ɗora tafin hannunta a bayan kifin. Ita da ko kusa da kwandonsa ba ta zuwa. Ta dubi idonsa ta ce wannan ba yaro ba ne, tsohuwa ce irinta, ta ga hunturu da yawa, kuma ƙila rabin 'ya'yan tafkin nan jikokinta ne. Ta zaro ragowar ƙyallen nan ta ce za ta yi mata seter, yadda ake ɗaura wa saniya ƙyalle a wuya a bar wa masu ƙasa ita, ba yanka ba sayarwa har ta mutu don kanta. Baba ya ce da ita a hankali, Inna, kifi ba shi da wuya. Ta ce ta gani, ba makauniya ba ce. Ya ce kuma ba nasa ba ne, na baƙo ne, haka aka yi da shi tun farko. Ya ajiye kulki yana ɗebo ruwa da hularsa yana zuba wa kifin, idonsa a ƙasa. Su biyun suka bar ni da baƙo.

Na laluba duk Turancin da ke kaina ban sami kalmar seter ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne kakata ta ce wannan kifi tsohuwa ce kamarta, tana roƙon a mayar da ita ga mai ita. Ya tambaye ni wane ne mai ita. Na nuna masa ruwa. Na ƙara masa da abin da ba a aike ni ba, na ce kakata za ta bar gidanmu saboda kifi, kuma yau ce ranarta ta farko da ta ƙarshe a jirgin ɗanta. Ya dubi kifin, ya dubi Kaka cikin rigarta ta buhun gari. Ya yi ajiyar zuciya ya ce tun yana saurayi yake jiran irin wannan. Sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce in ɗauki hoto da sauri, amma da tsohuwa a ciki. Haka na ɗauke su, shi yana riƙe da kai, Kaka tana riƙe da wutsiya ta ɗaure fuska kamar an kai ta hoton katin shaida. Baba ya sunkuya ya riƙe kifin a cikin ruwa yana kaɗa shi gaba da baya, muna ta kallo, har wutsiyar ta motsa, ta watsa wa Baba ruwa a fuska ta nutse.

Saura ƙyalle a hannun Kaka. Ta ce ƙyallen da aka fitar da niyyar seter ba ya komawa cikin riga. Ta duba hagu ta duba dama, sai ta ce in riƙe ta, ta rarrafa zuwa goshin jirgi ta ɗaura shi a zoben da ake sa igiya. Ta ce tunda kifi ba shi da wuya, jirgi yana da shi. Daga yau duk abin da ya shigo cikin jirgin nan da rai, da rai zai fita. Gwaggo, na ga fuskar Baba, na san lissafin da yake yi. Ya ce da ita mai sansani yana son kifi don abincin baƙinsa, kuma 'yan birni ba sa biyan jirgi sai don su soya a bakin ruwa, duk za su koma wa wasu. Ta ce ta sani, ita ma ta taɓa ciyar da yara a shekarar da ba ko akuya. Sannan ya cire jiƙaƙƙiyar hularsa, ya matsa ya taɓa ƙyallen da goshinsa, ya ɗauki kulkin da hannu biyu ya miƙa mata. Ta karɓa ta soke a ɗamararta, ta ce ya tayar da dokinsa, sanyi take ji.

Ba zan ɓoye miki ba, abin bai zo da sauƙi ba. Mai sansani ya ji haushi, ya ce bai taɓa jin jirgi mai tsarki ba. Wasu 'yan birni sun zo sun ji sharaɗi sun juya. Maƙwabcinmu Luvsan yana tsokanar Baba wai jirginsa ya shiga gidan ibada, saura a aske masa kai kamar malaman da suke zama a can. Baba ya zauna ya danne ƙayar kowace ƙugiya da filaya don ta riƙa fita ba tare da ta yaga baki ba, ya ce akwai baƙin da irin wannan kamun suke nema, sai dai ba mu san ko za su ishe mu ba. Muna dai sa rai.

Ita kuwa Kaka ba ta ce komai a kan tafiya ba, har na kasa haƙuri na tambaye ta ko in fara haɗa mata kaya. Ta harare ni ta ce ashe karatun nawa bai kai ko'ina ba. Ta ce an taɓa ganin wanda ya yi wa dabba seter ya sa ƙafa ya bar gari? Wa zai duba ko an cika alkawari? Yanzu duk yamma tana bakin ruwa da sandarta kafin jirgi ya iso, ta leƙa ciki, ta ɗaga benci. Shekaranjiya da Baba ya sauko ta ce ya sunkuyo. Kin san tun da ya fara sana'ar nan ba ta ƙara shinshina goshinsa ba yadda iyaye suke yi. Ta kama kunnuwansa biyu kamar ƙaramin yaro ta shinshina, ta ce har yanzu ƙarni yake yi, amma ƙarnin mai rai ne, za ta iya zama da shi. Baba ya juya yana ta kwance igiyar da ba ta ƙulle ba.

Saƙonta gare ki shi ne kada ki turo mota. Ta ce in rubuta cewa ba wai ta huce ba ne, gadi ne ya riƙe ta. Na rubuta yadda ta faɗa. Amma Gwaggo, ni na san akwai wadda aka bari da rashi a maganar nan, kuma ke ce. Mama ta gaya mini kin saya wa Kaka gado kin sa kusa da taga, kin ɗinka labule, kuma tun da ɗanki Yaya Khishigt ya tafi Koriya ke kaɗai kike shan shayi. Mun yi murna a nan, sai da na zauna rubutu na tuna da ke, kunya ta kama ni. Ina da roƙo ɗaya, idan bai yi miki nauyi ba. Kada ki mayar da gadon. Baɗi zan zauna jarrabawar shiga jami'a, kuma zan yi iyakar ƙoƙarina don in zo birni in zauna wurinki. Ba ni da hira kamar Kaka, ban iya tsokana ba, amma na iya dafa shayi yadda take dafawa, da gishiri daidai.

Kaka tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗaure gwiwar da ulu. Baba yana gaishe ki da girmamawa, ya ce ki yafe masa wahalar da ya sa ki. Mama da Temka suna gaisuwa. Ki isar mini da gaisuwa wurin Kawu Nyamdorj da matarsa Anti Bumaa da jaririyarsu, da Yaya Sarnai idan ta zo daga Darkhan, da Yaya Khishigt in ya kira. Ki gafarta mini kurakuran rubutu, a kan gwiwa na yi shi.

Taki 'yar, mai jiran amsarki a kan maganar gadon,
Ariunzul.